Ba ni na ɗora ba, membobi ne: shin doka za ta kama mai zaure?

Ɗan Gangare ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana shari'a a kan wata matsala da ta hana ni barci tun makon jiya, kuma zan faɗi komai yadda yake, har da abin da ba ya yi mini daɗin faɗa, domin amsar da za a ba ni ta dace da halin da nake ciki.

Ina da ƙaramin shagon gyaran waya da sayar da data a kusa da Terminus, a nan Jos. Shekara uku da suka wuce na buɗe zaure a Telegram saboda masu sha'awar littattafan Hausa, da niyyar a riƙa tattauna labarai, a yabi wanda ya yi kyau, a yi gyara inda aka yi kuskure. Da tafiya ta yi tafiya, sai membobi suka fara ɗora littattafan su kansu. Wasu na kyauta ne da marubutansu suka saki, wasu kuwa na kuɗi ne da ake fitowa da su daga zaurukan da marubuta ke karɓar kuɗi kafin su saka mutum. Daga baya har fina-finai suka fara shigowa. Yanzu mutanen zauren sun haura 6,000.

Ni da hannuna ban taɓa ɗora littafi ko fim ko guda ɗaya ba. Abin da nake yi biyu ne. Na farko, ina tattara sunayen littattafan da aka ɗora, in jera su bisa haruffa a saƙon da na maƙala a saman zaure, kowane suna da adireshin da za a latsa a sauke shi, domin mutane su daina damuna da tambaya. Na biyu, masu sayar da atamfa da turare suna biyana naira 2,000 a mako in saka musu talla.

Wata biyu da suka wuce wata marubuciya ta yi mini magana cewa littafinta na kuɗi yana cikin zaurena. Na ce mata ta nemi wanda ya ɗora, domin ba ni ba ne. Ranar Talatar da ta gabata sai ga takardar lauya a cikin ambulan, yaron shagona ya sa hannu ya karɓa ina masallaci. Suna neman in cire littafin, in biya diyya, ko mu haɗu a kotu. Shin doka tana kama mutum da laifin da wani ya aikata? Idan tana kamawa, me ya sa ba a kama kamfanin Telegram ba, wanda shi ne ya gina wurin da ake ajiye kayan?

Barista daga Wuse ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Gangare. Na yaba da yadda ka faɗi gaskiya, kuma ni ma ba zan ɓoye maka ba: kalmar "ba ni na ɗora ba" ita kaɗai ba za ta fid da kai ba, kuma abubuwan da suka fi nauyi a kanka su ne waɗanda ka ambata da bakinka.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988, lokacin da babu wanda ke tunanin littafi zai yi yawo a cikin waya. Sashe na 36 ya ce mai keta haƙƙi shi ne wanda ya aikata abin da doka ta keɓe wa mai aiki ba da izininsa ba, ko kuma ya sa wani ya aikata. Daga cikin abubuwan da sabuwar dokar ta keɓe wa mai aiki akwai ajiye aikin a intanet ta yadda kowa zai iya samunsa a inda yake so da lokacin da yake so. A ɓangaren laifuffuka kuma, dokar ta ce wanda ya taimaka ko ya janyo aka aikata laifin, hukuncinsa ɗaya da na mai aikatawa. Irin wannan ƙara Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraronta, kamar yadda sashe na 251 na Tsarin Mulkin 1999 ya tanada, kuma akwai reshenta a nan garinku Jos.

Tambayarka ta biyu ita ce zuciyar maganar, kuma kotunan duniya sun shafe shekara arba'in suna fama da ita. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta wanke kamfanin Sony daga ƙarar da kamfanonin fim suka kai shi saboda na'urar naɗar bidiyo ta Betamax, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, bisa hujjar cewa na'urar tana da amfani mai yawa na halal. A 1988 kotun ƙoli ta Ingila ta yanke makamancin haka a kan kamfanin Amstrad, wanda ya ƙera rakoda mai gidan kaset biyu, irin wadda iyayenmu suka yi amfani da ita wajen juyar kaset. Dalilin a bayyane yake: wanda ya sayar maka da kayan aiki ya rabu da kai, ba shi da iko a kan abin da za ka yi da shi a ɗakinka.

Amma ka dubi ɗaya gefen. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta duba shari'ar masu wata kasuwa a Kalifoniya da ake kira Cherry Auction, inda 'yan tebur ke sayar da kaset na jabu. Masu kasuwar ba su buga kaset ko ɗaya ba, amma suna karɓar kuɗin rumfa da kuɗin shiga da na ajiye mota, hukuma ta taɓa kai samame ta kwashe dubban kaset, sun san abin da ke gudana, kuma suna da ikon korar duk wanda suka ga dama. Kotu ta ce ana iya tuhumarsu. A 2005, a shari'ar Grokster, wani kamfani mai manhajar musayar waƙoƙi da fina-finai a intanet, dukkan alƙalai tara na Kotun Ƙolin Amurka suka haɗu a kan cewa wanda ya raba manhaja yana kwaɗaita wa mutane satar fasaha da ita, alhakin abin da suka yi yana wuyansa. A 2009 kuma kotu a Suwidin ta ɗaure mutum huɗu masu alaƙa da shafin The Pirate Bay shekara guda kowannensu, tare da diyyar kurona miliyan 30 na kuɗin ƙasar, alhali babbar hujjarsu ita ce babu fim ko waƙa a cikin kwamfutocinsu, jeri kawai suke da shi da ke nuna wa mutum inda zai samu. Da aka ɗaukaka ƙara an rage zaman gidan yarin, amma an ƙara diyyar.

Waɗannan hukunce-hukunce ba su zama dole a kan alƙalin Najeriya ba, sai dai lauyoyi na kawo su, alƙalai kuma na duba hikimar da ke cikinsu. Yanzu ka auna kanka da su. Ka sani, domin an faɗa maka wata biyu da suka wuce. Kana da iko, domin da latsawa ɗaya za ka goge littafi ko ka fitar da memba. Kana cin riba, domin mai atamfa ba zai biya ka ba in ba don jama'ar da littattafan suka tara ba. Abin da ya fi damuna shi ne jerin da ka maƙala a sama, saboda aikin hannunka ne, ba na membobi ba, kuma shi ne ke kai mai nema har bakin littafin.

Game da Telegram, Kashi na Bakwai na dokar, daga sashe na 54 zuwa na 62, ya yi magana a kan kayan da ke intanet. Ya ba kamfanonin da ke ba da masauki kariya daga biyan diyya, amma da sharuɗɗa: kada su san cewa kayan na sata ne, kada alamunsa su bayyana a gabansu su kau da kai, kada su ci riba kai tsaye daga satar alhali suna da ikon hanawa, kuma da zarar an sanar da su a rubuce su gaggauta cirewa. Wannan tsari ya yi kama da na dokar Amurka ta 1998. A wurin Telegram kai mai amfani ne kamar kowa, don haka asusunka ne za a iya dakatarwa idan koke ya yi yawa. Ko da a ce ka nemi fakewa da waccan kariya, a nawa ganin ka riga ka saɓa wa sharuɗɗanta tun ranar da ka mayar wa marubuciyar da waccan amsa.

Shawarata: ka cire littafin da jerin a yau, kuma ka kai takardar ga lauya a Jos kafin wa'adin da aka ba ka ya cika.

Maman Biyu, marubuciya daga Rikkos, ta amsa:

Barista, Allah ya saka da alheri. Malam Ɗan Gangare, ba ni ce wadda ta aiko maka da takarda ba, amma na san abin da ke ranta, kuma ina so ka ji shi daga bakin wadda abin ya taɓa faruwa da ita.

Littafina na ƙarshe a waya na rubuta shi, da babban yatsa, bayan sallar isha'i idan yara sun kwanta, wani daren da ragowar cajin da na samo a shagon maƙwabta saboda babu wuta. Wata bakwai na yi a kansa. Na sa naira 500, mata arba'in da 'yan kai suka biya, na saka su a zaure ina sakar musu shafi shafi. Kwana biyu da gamawa sai ƙanwata ta turo mini littafin gaba ɗayansa a haɗe, daga wani zaure da ban taɓa jin sunansa ba, an yanke sunana da lambar asusuna daga kowane shafi, an sa sunan zauren a madadinsu. Daga wannan rana ban ƙara samun mai saye ko ɗaya ba.

Wadda ta fitar da shi ɗaya ce daga cikin waɗanda suka biya, kuma ita kaɗai iyakacinta ta tura wa ƙawayenta biyar ko goma. Abin da ya kashe mini kasuwa shi ne zauren da ya tara dubban mutane wuri guda, ya ajiye littafin inda ba zai ɓace ba, ya kuma sa masa alama. Na roƙi mai zauren har sau uku, amsarsa daidai da taka ce. Shi ya sa za ka ga marubuta suna rubuta "Allah ya isa" a farkon kowane shafi, ba don suna jin daɗin faɗa ba, sai don sun ɗauka ba su da wata ƙofa da za su ƙwanƙwasa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, Malam. Ka ga littafi an rubuta a goshinsa cewa na kuɗi ne, ka ɗauki sunansa ka jera, to ka san abin da kake jerawa.

Injiniya daga Farin Gada ya amsa:

Ina tausaya wa Hajiya ƙwarai, kuma ban musa bayanin Barista ba, amma ina da ja a kan inda wannan hanya za ta kai mu. Idan mai zaure zai ɗauki alhakin duk abin da mutum 6,000 suka ɗora, to ba wanda zai sake buɗe zaure, har da na karatu da na sana'a. Telegram na barin zaure ɗaya ya ɗauki mutum 200,000. Wane ɗan Adam ne zai iya tantance kowane fayil a irin wannan taro, ya gane na kyauta da na kuɗi? Haka kuma masu shagon fotokwafi da ke kewaye da makarantu, da masu sayar da memori, da ni kaina da nake haɗa wa mutane intanet a ofisoshi, ina iyakar abin take?

Sannan idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Lokacin da kasuwar faifan CD ta durƙushe, 'yan dawunlodin ne suka cike gurbin, domin masu fim ba su tanadi wata hanya mai sauƙi da mai kallo a Gangare ko Unguwar Rogo zai biya kuɗi kaɗan ya samu fim a wayarsa ba. Sai da aka koma sakin shirye-shirye masu dogon zango a YouTube sannan lamarin ya ɗan daidaita. Abu na ƙarshe, ina tsoron a mayar da takardar koke makami, wani ya yi ƙaryar cewa aikinsa ne domin kawai a rufe zauren abokin gabarsa.

Barista daga Wuse ya sake amsawa:

Injiniya, damuwarka tana da tushe, kuma ita ce ta sa aka rubuta dokar yadda aka rubuta ta. Ba a ɗora wa kowa leƙen kowane fayil kafin ya shiga ba. Abin da ake tambaya shi ne me ka yi bayan ka sani. Kai da ka ja waya ka haɗa intanet ka tafi, matsayinka na mai sayar da rakoda ne. Mai fotokwafi ya fi ka kusa da wuta, domin sashe na 36 ya ambaci wanda ya bari ake kwafar aiki a harabarsa, kuma tun 1975 babbar kotun Ostireliya ta ɗora wa wata jami'a alhaki a shari'ar Moorhouse saboda ta ajiye injin fotokwafi a ɗakin karatu ba tare da isasshen gargaɗi ko kulawa ba. Dokarmu ta bar sarari ga ɗan abin da ɗalibi ko mai bincike zai kwafa don amfanin kansa, amma wannan bai haɗa da buga littafi sukutum ana rarrabawa ba.

Maganar koken ƙarya kuwa dokar ta hango ta. Wanda aka cire wa kaya yana da damar mayar da martani a rubuce, kuma wanda ya yi ƙarya da gangan a cikin kokensa zai biya diyyar ɓarnar da ya jawo. Mai maimaita laifi ma gargaɗi ake fara yi masa kafin a dakatar da asusunsa.

Hajiya, ƙofar da za ki ƙwanƙwasa tana nan. Haƙƙinki ya tabbata tun ranar da kika rubuta littafin, ba sai kin yi rajista ba, kuma yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. Yanke sunanki da aka yi wani keta haƙƙi ne mai zaman kansa. Kina iya aika koke a rubuce ga kamfanin da ke ba da masauki, kina iya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da ke da hedikwata a nan Abuja, wadda dokar ta ba ikon toshe shafi ko adireshin da ke ɗauke da kayan sata, kina kuma iya roƙon kotu ta umarci kamfani ya bayyana wanda ya ɗora. Kada masu zaure su dogara da ɓoye suna: a 2022 Babbar Kotun Delhi a Indiya ta umarci Telegram ya miƙa bayanan masu tashoshin da ke rarraba darussan wata malama ba da izininta ba.

Batun rashin kasuwa mai sauƙi gaskiya ne, kuma ya kamata masu fim da marubuta su yi aiki a kansa, amma ba hujja ba ce da alƙali zai karɓa.

Malamin Islamiyya daga Dilimi ya amsa:

Zan ƙara abu ɗaya a taƙaice, domin na ga matasa da yawa suna cewa ilimi ba shi da mai shi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su suna da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a keta su ba. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi da ƙetare iyaka, kuma hanin ya shafi mai taimakawa ne kai tsaye. Ɗana, haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da istigfari kaɗai, sai an mayar ko an nemi yafiya, don haka ka nemi matar nan ku daidaita.

Ɗan Gangare ya sake rubutawa:

Na gode wa kowa, musamman Hajiya, domin ban taɓa tsayawa na yi tunanin wata bakwai na rubutu da yatsa ba. Da safiyar yau na cire jerin, na goge littafin da duk wanda na ga an rubuta na kuɗi ne, na kuma rufe damar ɗora fayil sai wanda marubucinsa ya turo mini da kansa. Mutum kusan 300 sun fice kafin azahar, biyu daga masu talla sun ce sun janye. Barista, saura tambaya ɗaya: kuɗin tallan da na riga na karɓa fa? Kuma shin in goge zauren gaba ɗaya, in goge hirarmu da marubuciyar, domin a huta?

Barista daga Wuse ya amsa:

Kada ka goge hirar, kada kuma ka goge zauren. Lauyanta ya riga ya ɗauki hoton komai kafin ya rubuto maka, kuma gogewa bayan an aiko da takarda za ta zama kamar ɓoye shaida. Ka ɗauki hoton ranar da ka cire littafin da sabuwar ƙa'idar da ka sa, ka ajiye.

Kuɗin talla yana cikin abin da za a iya nema, domin dokar ta ba mai haƙƙi damar neman diyya, da umarnin dakatarwa, da lissafin ribar da aka samu daga aikinsa. Ko wanda bai san akwai haƙƙi a kan aikin ba ana iya neman lissafin riba a wurinsa, balle wanda aka sanar. Ka fitar da bayanin asusunka na banki daga ranar da littafin ya shiga zauren zuwa yau, ka rubuta yawan waɗanda suka buɗe shi idan manhajar ta nuna, ka tafi da su wurin lauyanka tare da takardar. Ka bar shi ya kira lauyanta ya gabatar da tayin sulhu a rubuce, kuma kada ka sa hannu a kan kowace takarda kafin ya karanta ta.